Katako a Kan Daɓen Fanne

Asabar, 21 ga Agusta, 1954

Baturenmu na dabbobi zai tafi gida a watan Oktoba. Kafin ya tafi zai zaɓi mutum ɗaya cikinmu a tura shi kwas na shekara biyu. Wanda ya dawo daga kwas ɗin nan ya gama tsayuwa cikin kashin shanu yana soka allura, kujera ake ba shi. Mu uku ne malaman dabbobi: ni, da Babaji, da Bobbo. Bobbo a ajiye shi gefe, mutumin da in ya sa takalmi yake tafiya kamar an yi masa dabaibayi. Saura Babaji. Na fi shi rubutu, na fi shi Turanci, amma ya yi wata shida a Ikko, ya kuma iya rawar Turawa.

Yau a ofis ya ce matar Bature za ta yi liyafar ban kwana ran tara ga Oktoba a gidansu na bariki, har da rawa, an kuma ce ma'aikata su zo. Ya dube ni ya ce, "Malam Sani, Bature fa ba ya tura bagidaje kwas." Sai ya yi dariyar nan tasa ta hanci.

Sati bakwai. Za mu ga bagidaje.

Litinin, 23 ga Agusta

Akawun kantin Turawa, ɗan Kalaba, ya ara mini garmaho da faifai ɗaya, da wata takarda mai zanen tafin ƙafa, baƙi na namiji, fari na mace. Ya ce ba wuya, ƙirga uku kawai ake yi.

Wurin koyo ne matsala. A zaure duk mai wucewa zai leƙo. Tsakar gida laka ce, ga tsohuwar nan maƙwabciyarmu, Yakaka, da idonta ba ya barin ramukan zana. Ɗakina yashi ne da kwazazzabai. Saura ɗakin matata Fanne.

Gaskiya a faɗe ta, duk unguwarmu ta Dogo Tebo babu daɓe irin na ɗakin nan. Uwarta ce ta yi shi lokacin bikinmu, shekara huɗu ke nan. An ce mata uwa ba ta zuwa gyaran ɗakin 'yarta, ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba, ta taho daga garinsu Nangere da madaɓinta. Kwana uku mata na bugu, ana zuba ruwan makuba, har ƙasan ya yi ja wur yana ƙyalli. A tsakiya ta jera fasassun farin tangaran guda bakwai, ta yi da'ira. Ba ta kai damina ba ta rasu. Tun daga nan duk Juma'a sai Fanne ta jiƙa makuba ta goge ƙasan da tsumma, a durƙushe, kamar wadda aka ɗauka aiki.

Alhamis, 26 ga Agusta

Na gwada bayan la'asar, ni kaɗai, da takalmina mai ƙarfe a dunduniya. Na cusa tsumma a bakin garmaho don kada unguwa ta ji. Da na juya, dunduniya ta ja layi a ƙasa, tsawon ɗan yatsa. Fanne ta durƙusa tana murza wurin da babban yatsa. Can ta ce, "Malam, duk abin da ke ɗakin nan naka ne, har ni. Ƙasan nan dai ka bar mini."

Ƙasa fa! Wata matar zane za ta roƙa.

Ɗan Kalaba ya ce dama a kan katako ake yi, ƙasa tana kama takalmi. Zan sa a yi mini dandamali na katako, wanda za a shimfiɗa a ɗauke. Na bar ta tana tsammanin don ita zan yi. Har godiya ta yi.

Asabar, 28 ga Agusta

Na kai wa Modu kafinta akwatunan kananzir tara, da biyu na maganin allura da aka yar a bayan ofis. Ya ce ƙofa ce ko gado? Na ce kayan ofis ne. Da na kawo shi ya auna wuri ya ce, da Hausarsa ta Barebari, "Ofis a ɗakin mace, Malam?" Ban kula shi ba.

Ya tsuguna ya shafa daɓen da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Wai wanda ya yi wannan ya fi shi iya aiki. Na ce ba kallo na kira shi ba.

Ga yadda muka tsara. Falle huɗu, kowane ƙafa uku tsawo, ƙafa uku faɗi, in an haɗa ya ba da ƙafa shida ta kowane gefe. Kowane falle da sanda uku a ƙarƙashi da za su riƙe katakon. Zai nutsar da kan ƙusa don kada ya kama takalmi, ya kankare saman ya yi sumul. Huda a kowace kusurwa, a ɗaure falle da falle da igiyar fata. Hannun igiya a gefe don ɗauka.

Talata, 31 ga Agusta

An kawo su a kan jaki. Har yanzu ana ganin rubutun kamfanin kananzir a gefen ɗaya, amma ta ƙasa ne.

Modu ya shimfiɗa tsohon buhu kafin ya ɗora, wai don kada sanda ta kurje daɓe. Ya maimaita mini sau uku: kullum in an gama a ɗaga, a jingine a bango a kan duwatsu. Damina ce, in katako ya kwana biyu a ƙasa gara za ta neme shi. Na ce na ji. Ɗagawa aikin Fanne ne, tunda don ƙasanta ake yi.

Na sa ta tura gadonta lungu, jeren kwanukanta kuma aka kwashe zuwa madafa. Na kankare kyandir ɗaya a kan katakon, na murza da ƙafa. Santsi kamar a gidan Bature.

Alhamis, 2 ga Satumba

Rawar nan ba a yin ta da iska, dole sai da mace. Da na ce Fanne ta ɗora hannu a kafaɗata sai ta sunkuyar da kai, wai da rana tsaka. Na ce umarni ne. Ba ta da takalmi sai na fata mai shiga tsakanin yatsu, na ce ta cire, ta hau haka.

Na nuna mata takardar, ba ta ko duba ba. Faifai ya zagaya sau biyu, sai na ga ƙafarta tana tafiya daidai da kiɗan, baya, gefe, haɗe. Ni kuwa ina neman ɗaya na rasa inda take. Ta ce a hankali, "Ai dakan mutum uku ne, Malam. Ta farko ta sauke taɓarya da ƙarfi, biyun su bi ta."

Na ce kada ta sake kawo mini turmi cikin al'amarin Turawa.

Asabar, 4 ga Satumba

Na taka ta sau goma sha ɗaya. Ita ke sa ƙafa inda ba a ce ba.

Laraba, 8 ga Satumba

Kasuwa. Shanu sun yi yawa, daga hantsi har azahar muna allura. Bobbo ya tsayar da wani garke daga nesa, ya ce saniya biyu a ciki ba su da lafiya, ko taɓa su bai yi ba. Aka duba, haka ne. Bature ya gyaɗa kai. To, ai cikinsu aka haife shi, me ya sani ban da su?

Da muka zauna shan ruwa na ba su labarin turmi, har ina kwaikwayon muryarta. Ban ce muna rawa ba, na ce dai ta ji faifai. Babaji ya yi dariya har yana dukan cinya. Bobbo bai yi ba. Ya ce, "To ai ta ji kiɗan ke nan."

Juma'a, 10 ga Satumba

Farcen babban yatsanta na hagu ya fita. Ƙarfen dunduniya ne. Ta ɗaure da lalle da tsumma. Da ƙafar a haka ta ɗaga fallen huɗu, ta yi gugarta ta Juma'a.

Na lura da wani abu da ya ɓata mini rai. In muna juyawa leɓenta yana motsi, kuma duk inda ɗaya ta faɗo sai ta ɗan matsa mini kafaɗa da yatsa. In na bi matsin nan, rawa tana tafiya. Wato ita ke tuƙa ni, ni da na yi makarantar Midil, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa. A takarda an zana ƙarara namiji ke ja. Na hana ta matsawa, na hana ta motsa baki.

Lahadi, 12 ga Satumba

Na faɗi.

Daɓen ya cika santsi, buhu yana zamewa a kai, fallayen suna tafiya kaɗan kaɗan. Yau ina cikin juyi igiyar fata ta tsinke, falle biyu suka rabu, ƙafata ta shige tsakani, na zauna daɓas, wandona ya yage daga baya har gaba. Faifai yana ta yi abinsa.

Ta yi dariya. Sau ɗaya, ta toshe baki da hannu biyu, amma na ji. Shekara huɗu ban taɓa jin dariyarta ta fito haka ba, sai yau da nake ƙasa. Ta miƙo hannu ta ɗaga ni, na buge hannun.

Ba ta san kanta ta yi wa ba.

Litinin, 13 ga Satumba

Na je wurin Modu, na ce ina son ƙusa mai inci shida guda goma sha shida, huɗu ga kowane falle. Ya ce a buga a ina? Na ce a ƙasa. Ya ajiye zarto ya dube ni. Ya ce zai yi mini katako huɗu dogaye da za su zagaye fallayen su matse su, ba sai an taɓa daɓe ba, kwana uku ya gama. Na ce ba ni da kwana uku. Ya ce zai yi a kwana ɗaya. Na ce ƙusa na zo nema.

Ya ce, "Ni hannuna ba ya ciki, Malam Sani." Na saya a kantin gaba, na ari guduma a ofis.

Talata, 14 ga Satumba

Na buga.

Da ta ga ƙusoshin a hannuna ta gane. Ta durƙusa a bakin ƙofa. "Malam, don Allah, na tuba." Ta ce ba za ta ƙara dariya ba. Ta ce za ta ɗinke buhun ta yi masa baki, za ta nemo duwatsu ta tokare gefe, in ma ina so in yi ni kaɗai za ta zauna a kan gefen katakon ta danne. Ta haɗa ni da girman iyayena. Ta yi ta magana, ita da kwana biyu ba ta yin jimla biyar.

Ƙusar farko ta ƙi shiga, sai da na buga sau shida kafin daɓen ya tsage. Uwar tata ta iya aiki, ba ƙarya. Daga nan sauran suka bi da sauƙi.

Tunda ba mai karanta littafin nan sai ni, bari in rubuta. Inda kusurwoyi huɗu suka haɗu a tsakiya, daidai kan da'irar tangaran ne. Ɗakin yana da faɗin da zan matsar da katakon taku ɗaya. Na auna, na gani, ban matsar ba.

Da na gama ta tashi ta je ta hura wuta. Tuwon ya yi daɗi.

Alhamis, 16 ga Satumba

Katako ba ya motsi yanzu. Ita ma ta daina matsa kafaɗa, inda na tura ta nan take zuwa. Haka ya fi. Sai dai har yanzu ɗayar nan tana kuɓuce mini, ina jin faifan ne ya fara lalacewa.

Juma'a, 17 ga Satumba

Ashe ta jiƙa makuba tun jiya, sabo. Na gan ta da kasko a bakin ƙofa, ta tsaya tana kallon katako. Gefen ɗakin da ya rage a buɗe bai fi taku biyu ba, ko shi ba ta goge ba. Ta kewaya bayan ɗaki ta zubar.

Laraba, 22 ga Satumba

Yakaka ta tare ni a ƙofar gida ina dawowa daga kasuwa. Ta ji bugun guduma, ba abin da ke wuce ta. Ta ce ita ce ta riƙe madaɓi kusa da uwar Fanne kwana ukun nan, har tafin hannunta ya saɓule. Ta ce, "Ɗana, shekara huɗu ba haihuwa, 'yan'uwanka mata ba abin da ba su gaya mata ba, kai ma ka ɗora naka. Ba ta taɓa yin yaji ba. Ka taɓa tambayar kanka me ya zaunar da ita?"

Na ce, Iya, tuwona ne ya zaunar da ita. Ta ce Allah ya kyauta, ta shige.

Lahadi, 26 ga Satumba

Wai Fanne tana jin motsi a ƙarƙashin katako, kamar yayyafi a kan zana. A ɗaga falle ɗaya a duba, a mayar. Na kasa kunne, ban ji komai ba. Dabara ce, na san ta. Na ce in ta taɓa ƙusa ɗaya ta san sauran.

Juma'a, 1 ga Oktoba

Na karɓo kwat daga tela. Hannun ya ɗan yi tsawo.

Talata, 5 ga Oktoba

Alhamdu lillahi! Matar Bature da kanta ta tsaya a ofis. Ta ce ta ji labarin ina da katakon shimfiɗa da ake ɗauka a kai ko'ina, ko zan ara mata ran Asabar? Ɗan Kalaba ne ya gaya wa Babaji, shi kuma ya kai don a yi mini dariya, ga shi ta juye masa. Na amsa mata da Turanci, jimla uku, ba tuntuɓe. Babaji ya yi ta jujjuya takardu.

A kan katakona za a yi rawa, wanda ƙafata ta san kowane gaɓa nasa. Ko a mafarki ban roƙi wannan ba.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Na ɗaga katako bayan masallaci. Na aika a kira Modu, ya aiko da ƙarfen cire ƙusa, shi bai zo ba.

Ƙusoshin sun yi tsatsa sun kama. Kowace na ɓanɓaro sai ta taho da ɓangaren daɓe, wani kamar tafin hannu, wani kamar murfin kwano. Da na ɗaga fallen farko sai ga buhun babu shi, an cinye. Gara ce fari fat, ta bi ramukan ƙusa ta fito, ta gina hanyoyinta na jar ƙasa ko'ina, ta shiga sandunan ƙarƙashi. Saman katakon lafiya lau, shi ne abin da na fara dubawa. Daɓen kuwa in ka taka sai ya burma, ta rarake shi ta ciki. Tsakiyar ta faɗa gaba ɗaya, babu da'ira, rami ne.

Fanne tana tsaye a bayana. Na jira kuka, na ma shirya abin da zan ce. Ba ta yi ba. Ta wuce ni ta tsuguna a bakin ramin, ta sa yatsu tana tona, gara na hawa hannunta. Ta ciro tangaran ɗaya, ta goge a zaninta, ta ƙulle a bakin zane.

Shirun ya dame ni, na ce ƙasa ce, sai a sake wata. Na ce ta share ɗakin kafin gobe, ta kuma goge mini farar riga. Ta ce to, Malam.

An kwashi fallayen a amalanke zuwa bariki. Hadari yana haɗuwa ta gabas, ina jin ruwan ban kwana ne.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Jiya ban iya rubutu ba.

An yi ruwa da asuba. Na isa bariki ƙarfe biyar na yamma cikin kwat. Tun daga bakin shinge na gan su. Ba a haɗa su huɗu ba, an jera su ɗaya bayan ɗaya a kan laka, daga inda motoci ke tsayawa zuwa matakalar baranda. Hanya aka yi da su. Matar Bature ta ce mini na kyauta ƙwarai, ta san wurin nan kullum yana caɓewa, ba don ni ba da takalman baƙinta sun lalace. Duk wanda ya sauko daga mota sai ya bi ta kai, ya tsaya a na ƙarshe ya kankare tafin takalmi. Babaji ma ya kankare, a hankali, yana kallona.

Rawa a baranda aka yi, kan siminti. Mu an ajiye mana benci a gindin bishiya, da lemo. Can matar Bature ta sauko ta miƙo mini hannu, ladan katako. Na hau. Kiɗan irin nawa ne, mai uku. Na saurara in ji ɗaya, ban ji ba. Na tsaya ina jiran a matsa mini kafaɗa. Na fara ƙirgawa da baki, a fili, na taka ta, na sake taka ta. Ta yi murmushi ta ce ya isa, ta rako ni har matakala.

Ban kai ga benci ba na ji ƙara. Wani Bature mai ƙiba ya taka falle na uku, sandar da gara ta ci ta karye, ƙafarsa ta nutse a laka har idon sawu. Wani ya tambaya na wane ne, aka nuna ni.

Kafin magariba Baturenmu ya buga kofi ya yi jawabi. Bobbo ne zai tafi kwas. Ya ce tun farkon Agusta ya aika da sunansa, amsa ce ta yi jinkiri. Tun farkon Agusta, kafin in ari garmaho. Bobbo ba ya ma wurin, yana rugar wani da saniyarsa ta kasa haihuwa.

Na dawo gida a ƙafa. Abinci a rufe a ƙofar ɗakina. Ɗakinta an share tas, kamar yadda na ce, ramukan sun fito sarai, sha biyu da babba a tsakiya. Gadonta yana nan, kwanukanta suna nan, har zannuwan da na saya mata a ninke. Yakaka ta ce mini ta bayan zana, tun bayan azahar Fanne ta bi masu jakuna zuwa Nangere, ba ta ɗauki komai ba sai abin da ke jikinta.

Litinin, 11 ga Oktoba

Za ta dawo. Ina za ta?

Asabar, 16 ga Oktoba

Wanta ya aiko mutum. Wai kada in wahalar da kowa da biko, ba yaji ta yi ba. Ta ce ɗakinta ne ya rushe, mutum kuwa ba ya zama inda ba shi da ɗaki.

Ɗaki yana nan da bangonsa da jinkarsa. Na gaya wa ɗan aiken haka. Ya ce shi abin da aka ba shi ya kawo.

Laraba, 20 ga Oktoba

Na mayar da garmaho. An dawo mini da fallayen daga bariki, laka ta bushe a kansu, na jingine su a bayan madafa. Bobbo ya zo ofis yin sallama, ya riƙe hannuna ya ce in gai da gida. Ban san ko ya sani ba.

Abincin kasuwa ya fara ɓata mini ciki.

Lahadi, 24 ga Oktoba

Na je bayan ɗaki neman wani abu, na ga inda ta zubar da sharar ranar. Na tona da tsinke, haka kawai. Tangaran shida na samu. Na wanke su na sa a gwangwanin taba. Ban nemi na bakwai ba, na san inda yake.

Lahadi, 7 ga Nuwamba

Ɗaki da ramuka kunama yake tarawa, shi ya sa. Ba don komai ba.

Na kwashe tsohon daɓen ran Alhamis, na zuba toka da kananzir a gidan garar, na sa aka kawo jar ƙasa da tsakuwa jaki shida. Akwai ragowar makubarta a tulu, na jiƙa. Madaɓi ne babu, kuma ba zan je kasuwa a gan ni ina taya kayan mata ba. Na kai wa Modu falle ɗaya na ce ya yanko mini daga inda gara ba ta ci ba. Ya yanka, ya gyara mariƙin, bai tambaye ni komai ba.

Jiya tun hantsi nake bugu ni kaɗai, ƙofa a rufe. Yakaka ta ɗaga murya ta bayan zana, wai wa ke kashe maciji a gidan nan? Ba a jima ba ta shigo ba sallama, ita da wata tsohuwa ƙawarta, kowace da madaɓinta. Ta duba abin da na yi ta ce a tone, an cika ruwa. Muka tone. Ta durƙusar da ni a tsakaninsu ta ce, "Kai ka fara, mu bi ka. Kada ka yi sauri, kada ka ƙirga."

Na sauke, ta sauke, ƙawarta ta sauke. Na sauke, suka bi. Ban san lokacin da ya zauna ba, sai dai na ji shi a kafaɗata, mai ƙarfi ɗaya, biyu na biye. Kiɗan faifan nan ne sak. Na rasa bugu ɗaya, Yakaka ta ce me ya faru, na ce ƙasa ce ta shiga mini ido.

Tafin hannuna duk ya saɓule, da ƙyar nake riƙe alƙalami. Yakaka ta ce ba zai kai na da ba, ko kusa, amma zai zaunu.

Tsakiyar na hana a buga. Na bar wuri kamar faɗin faifai, na rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe, gwangwanin tangaran yana gefe. Ni ban san yadda aka jera su ba, kuma shida ba sa yin da'irar. Yakaka ta ce kwana nawa zan yi ina jiƙa buhu? Na ce rijiya dai a cikin gida take.